Ƙwai Huɗu na Motar Kawu

Lokacin da muke yara a Kwargaba, akwai abin da aka hana mu ci amma ake ba mota. Ƙwai ne. Kakarmu, wadda kowa ke kira Ta-Rabah saboda daga can aka auro ta, ta yi imani yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama, don haka ko ɓawonsa ba ma lasa. Amma tsohuwar a-kori-kurar Kawu Nasiru, wadda lagiretonta, wato tankin ruwan sanyaya injin, ke yoyo kamar kwando, duk ranar kasuwar Goronyo sai an ware mata huɗu cikin ƙwarya da ƙaiƙayi.

Kawu yana da dabarunsa. In yoyon na waje ne, ya goga sabulu ya danne da yatsa. In ya fi ƙarfin sabulu, ya bari injin ya ɗan huce, ya rufe marfin da tsumma ya buɗe a hankali, ya fasa ɗanyen ƙwai ya zuba farin a ciki. Ruwan zafi ya dafa shi, ya kai shi bakin hujin ya toshe. Daga nan ba ya ƙara ɗaure marfin da ƙarfi, sai ya lallaɓa da jarkar ruwa a gefe. Yakan ce, "Wanga ba magani ba na, rarrashi na."

Ban damu da motar ba kamar yadda na damu da mai riƙe ƙwaryar. Basiru ne, ɗan ƙanwar babana da ta rasu, sa'ana, wanda aka kawo ɗakin Ta-Rabah yana shekara biyar. Shi ke zama gaban mota da ƙwarya a cinya, shi ke dawowa yana ba mu labarin Goronyo kamar shi ya gina ta. Da dare kuwa, bayan isha'i, in an hura wutar kara a ƙofar ɗakin tsohuwa mun kewaye ta don tatsuniya, wurinsa daban ne, a jikin ƙafarta, cikin gefen mayafinta. Dukanmu mazajenta ne a wasan jika da kaka, amma shi ne ango. In na matsa kusa sai ta ce, "Kai tsohon miji, gusa can, ka tare ma angona wuta." Kowa ya yi dariya, ni ma in yi ta yaƙe. Kishinsa nake ji, babu wani suna da zan ba abin.

Wata shekara albasar Ta-Rabah ta yi kyau, aka loda ta tun da yamma don a yi sammako. Da aka shiga sallar magariba na lallaɓa ɗakinta, na kwashe ƙwan nan huɗu na jefa cikin tukunyar ruwan zafi da ke kan murhu. Garin tsamo su na ƙone yatsa biyu, na haɗiye kukan, na goge su na mayar cikin ƙaiƙayi. Lissafina mai sauƙi ne: Kawu zai fasa ya ga dafaffe, ya ce Basiru bai iya riƙon amana ba, a sauke shi a ɗora ni.

Motar kuwa ta yi abin da ta saba a wajejen Taloka. Sai da Kawu ya taka har wani ƙauye ya roƙo garin barkono ya zuba a lagireton ya ɗan toshe hujin, sannan suka ja jiki. Ba su shiga Goronyo ba sai bayan la'asar, manyan masu saye sun ɗaure kaya sun tafi, aka karyar da albasar da tsohuwa ta yi wata huɗu tana jira. Suka dawo, na kasa kunne in ji an fara faɗa. Shiru. Kawu ya shiga ɗakinta suka yi magana ƙasa-ƙasa, ya fito ya wanke ƙafa.

Daren nan da aka hura wuta, Ta-Rabah ta dube ni ta ce, "Umaru, taho nan. Mi as samu hannunka?" Na ce kara ne ya yanke ni. Ta ce, "Kara mai tada bororo? Lalle karan bana ya yi zahi." Ta zaunar da ni a jikinta, inda na daɗe ina mafarki, ta lakato man shanu tana shafa wa yatsun. Sannan ta ce ga tatsuniya nan ta kawo mana, muka ce ta shigo ta zauna.

Wata mata ce, in ji ta, take da tuluna biyu. Ɗaya lafiyayye, ko ɗigo ba ya zubarwa. Ɗayan ya tsage tun ranar da ya faɗo daga kan mai shi ta farko. Kullum da safe matar sai ta ɗauki tsagaggen ta ɗora a cinya, ta jiƙa ƙaro ta liƙe masa, ta ajiye shi a inuwa, ta ɗebi ruwa rabi kawai da shi. Lafiyayyen kuwa a cika shi fal, a dire shi ko'ina. Sai ya fara ƙunci, yana cewa shi ke aiki wani ke shan shafa. Ran nan da aka dire shi a bakin rijiya, sai ya gangara da gangan ya bugi dutse. Matar ta zo da gudu, ta ɗauke shi ta ɗora a cinya, ya ji daɗi. Amma tsagar ta yi yawa, ƙaro ya ƙi kamawa. Ranar gidan suka kwana da ƙishirwa, shi kuma aka mai da shi kaskon shan kaji.

Wata ƙanwata ta ce, "To Kaka, ba an hi son tsagaggen ba?" Tsohuwa ba ta dube ta ba, yatsuna take ta murzawa. Ta ce, "Ɗiyata, wanda kinka ga ana liƙe ma kullum, ba son shi anka hi yi ba. Yoyo shikai." Ta rufe tatsuniyar da ƙurunƙus kan ɓera, ta ce kowa ya nemi tabarmarsa. Ba ta ƙara tayar da zancen ba har ta bar duniya. A lokacin abin da na fahimta kawai shi ne an gane ni. Mako na zagayowa Basiru ya koma gaban mota, ni kuma na koma ƙunci.

Yanzu ina koyarwa a makarantar firamare, shi kuwa Basiru yana da rumfar gyaran lagireto a Wurno, da yara uku a ƙarƙashinsa da gidan bulo. In na ce ban taɓa auna gidansa da nawa ba na yi ƙarya. Zumuncinmu ma duk shekarun nan na sabulu ne, gaisuwar Salla da ta suna, a goga a wuce.

Bara tawa motar ta fara yoyo a hanyar Rabah. Na sayi ƙwai wurin mai shayi na yi irin ta Kawu, na lallaɓa har rumfar Basiru. Ya kwance lagireton yana wanke farin ƙwan da ya daskare a ciki, yana faɗa: "Malam, wanga abu shina kai ka gari, amma in ka bar shi ciki shi ka kashe injin." Ban san abin da ya taɓa ni ba, sai na ji bakina yana ba shi labarin tukunyar ruwan zafi.

Ya ajiye abin hannunsa ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ashe kai na! Wallahi Allah shi saka maka. Da Kawu yaf fasa yag ga dahwahhe, zama munka yi gindin bagaruwa, shi biyu ni biyu. Ran nan nif fara cin ƙwai a duniya."

Na ƙone yatsa, na jawo wa tsohuwa asara, don in ciyar da shi abin da ni aka hana. Har ga Allah sai na ji tsohon kishin ya motsa, ina da furfura a gemu. Na ce, "Kai dai komi naka na, har mayahin Ta-Rabah."

Dariyar ta tsaya. Ya ɗauki lagireton yana duba shi a hasken rana. Sannan ya ce, "In ta ce kowa shi nemi tabarmatai, kai ina kaka zuwa?"

Na ce ɗakin innata.

Ya ce, "To ni bayanka nika kallo har ka shige."

Sai a wannan rana, bayan shekara talatin, na ji ƙarshen tatsuniyar. Na ja benci na zauna kusa da shi, na riƙe masa lagireton yana ɗiga dalma a kan hujin, ban tashi ba sai da aka kira magariba muka tafi gidansa tare.