Takardar da Na Ƙi Sa wa Hannu a Lyon

Shekara shida na yi a unguwar Château Rouge ta Paris ina saran nama a shagon wani Alhaji mutumin Chadi, ba takardar albashi ko guda. Ran Asabar ya miƙo mini kuɗina a hannu, in cusa a aljihu in shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina ganin kaina mai wayo, tunda gwamnatin Faransa ba ta ci sisina ba. Ban san cewa wanda ba ta ci nasa ba, ita ma ba ta san da zamansa ba.

Da takarduna na izinin zama suka fito sai na koma Lyon, na samu aikin lodin kamiyo, manyan motocin kaya, a wani sito can bayan Bron. Nan na fara ganin takardar albashi, nan kuma na fara jin haushi. A cire wannan, a cire wancan, ga lanho yana jira, wato haraji, kamar yadda muke ce masa a Damagaram. Ni da na tsaya aji biyar a lakwal, layin ƙasa kawai nake dubawa, kullum kuma bai kai na sama ba.

Wata rana matar da ke ofis ta tara mu. Ta ce kamfani ya buɗe asusun tsufa. Kowa ya zuba kaɗan duk wata, kamfani ya ƙara masa nasa a kai. Ladan ƙarshen shekara ma in ka zuba shi ciki, lanho ba ya taɓa shi. Sharaɗin dai, kuɗin a kulle suke sai ka yi ritaya.

Na ce, "A kulle? Kuɗina?"

Ta ce, "Naka ne, yana jiranka."

Na mayar mata da takardar da ta raba mana, ban sa hannu ba. Abokin aikina, wani ɗan Garwa da ya girme ni da shekara bakwai, ya ciro biro ya sa hannu a gabana.

A taram, jirgin cikin gari, muna komawa gida na ce masa, "Malam, ashe nan za ka tsufa? Ka sayi sanda tun yanzu, da ɗan kare irin na tsofaffin Nasara."

Ya ce, "Kai yaushe za ka koma?"

"Shekara biyu."

"Badamagare ke nan. Tun da na san ka shekara biyun nan ba ta ragu da kwana ɗaya ba."

Na ce masa ai ma akwai riba a ciki, kuɗin ruwa na haram. Ban tambayi malami ba, ban tambayi kowa ba. Na faɗa ne don in rufe masa baki. Gaskiyar ita ce, sa hannu a takardar nan kamar amsawa ne cewa ba zan koma gida ba, ni kuwa ban iya amsa wannan ba.

Kada wani ya ce ba mu iya tanadi ba. Duk Lahadin farkon wata muna haɗuwa a bayan wani shago a La Guillotière, mu sha shayi, kowa ya ba da kuɗin ƙungiya. Kuɗin mene ne? Na kai gawa gida. In ɗayanmu ya rasu, a sa shi a jirgi a binne shi kusa da iyayensa. Ban taɓa fashin wata ba. Mun shirya wa mutuwa tsaf. Ba wanda ya taɓa tashi ya ce, to in Allah ya ja kwana fa, ƙarfi ya ƙare, rai bai fita ba?

Sauran abin da na samu ya bi hanyar gida: suna, biki, asibiti, ragon layya. Ban yi nadamar wannan ba. Abin da ke cina, da na rage kaɗan ba wanda zai kwana da yunwa.

Bayana ne ya fara gaya mini gaskiya. Likita ya hana ni ɗaukar nauyi, aka maida ni rabin aiki. A shekarar nan aka aiko mini takardar da ke nuna shekarun aikina. Na kai wa ɗiyata ta karanta. Ta ce, "Baba, a nan an nuna ba ka yi komai ba a Paris." Shekara shida ina cikin wari da jini, babu su.

Ɗan Garwa kuwa ya yi ritaya, aka buɗe masa asusunsa. Shi da ya yarda zai tsufa a nan, shi ne yanzu ke wata huɗu a gida duk lokacin sanyi. Ya kira ni daga can ya ce, "Badamagare, ina sanda? Ina kare?" Na yi dariya don kada ya ji muryata.

Kamfanin ya rage ma'aikata, na koma gadi a wani kanti. Na ɗauki ƙafa na je banki na ce a buɗe mini asusun tsufa nawa na kaina, irin wanda ake rage wa mutum lanho. Matar ta duba takarduna ta ce, "Amma kai yanzu ba ka biyan lanho. Albashinka bai kai ba. Ba abin da za a rage maka."

Na ce ta buɗe hakanan. Ta tambaye ni shekarar da nake son aje aiki, don ta rubuta. Na yi lissafi da yatsu a ƙarƙashin tebur, na sake yi. Na ce ta rubuta mafi nisa da doka ta yarda.