Ranar da Ladan Ya Riƙe Mini Littafi

A lungun da ke bayan gidanmu a unguwar Maamobi, a ƙasar Gana, akwai wani ƙaramin shago na hayar littattafai. Mai shagon dattijo ne mutumin Damagaram, kowa Baba yake ce masa. Direbobin manyan motoci ke kawo masa littattafan daga Kano, a ɗaure cikin buhu ɗaya da kayan yaji, shi ya sa har yau in na ji ƙamshin kanumfari sai soyayya ta faɗo mini a rai. A wannan shago na girma. Na karanta labaran masoya har na riƙa ganin duk wanda ya tsaya jiran mota a bakin titi kamar wata yake jira.

Mu mutanen Zango, wato unguwannin Hausawa na nan, muna jin Hausa, amma ba kowa ya iya karanta ta ba. A makarantar boko Turanci ne, a ta allo Larabci. Don haka duk Lahadi bayan la'asar Baba yakan jera bencuna a ƙofar shago, a ɗora shayi, mutum ɗaya ya karanta wa saura. Mai karatun wani saurayi ne da ke sayar da kayan gyaran mota a kasuwar Abossey Okai. Ya yi shekaru wurin kawunsa a Kano, Hausarsa cikakkiya ce, muryarsa kuma in ta fito ko mai tallar lemo sai ta sassauta tafiya. Aibinsa ɗaya: ba ya karanta soyayya. Labaran yaƙi da aljanu da tafiya duniyar sama yake so, in ya ci karo da shafin masoya sai ya ce, "Nan dai sun gaisa," ya juya.

Ni kuwa ba abin da nake so kamar in ji kalaman so sun fito da wannan murya. Ban ce sai ni za a faɗa wa ba. In dai ina zaune a wurin, ya ishe ni.

Shi ne ya zo da maganar zaɓe. Wata Lahadi ya nuna wa Baba a wayarsa cewa a wasu ƙasashe masu karatu da kansu ke jefa ƙuri'a su fid da gwanin littafin almara na shekara, ba tare da an jira malaman jami'a ba. Baba ya ce ai mu ma masu karatu ne. Ba mu da kofi ko lambar yabo da za mu aika wa marubuci, sai aka tsayar cewa littafin da ya ci za a karanta shi a benci daga bango zuwa bango.

"Ba tsallake?" na tambaya daga inda mata ke zama.

"Ba tsallake," in ji Baba.

Saurayin ya yarda, don ya tabbata nasa ne zai ci.

Bayan 'yan makonni ana tankaɗe, littattafai biyu suka rage. Nasa labarin wasu mutane ne da ranarsu ta fara dushewa, suka haɗa jirgi da tarkacen ƙarafa don su kwashe garinsu kaf zuwa wani tauraro. Labari ne mai kyau, ban musa ba, amma marubucin yakan ci shafuka yana bayanin yadda injin ke shan iska. Nawa kuwa labarin wata 'yar birnin ƙarƙashin teku ne wadda ba ta taɓa ganin wuta ba. Ta fito ranar kasuwa don ta gani da idonta, ta tsaya a maƙera, maƙerin ya ɗago kai. Daga nan ba sai na faɗa ba. Akwai wani shafi da maƙerin ke roƙonta kada ta koma, na karanta shi har takardar ta yi laushi.

A Gana ba a wasa da zaɓe, ko na littafi ne. Saurayin ya ja makanikai da 'yan majalisar shayi. Ni kuma na kama Goggona, wadda ke sayar da wake da shinkafa a bakin hanyar Nima, ta zama shugabar kamfe. Ba ta iya karatu ba, amma na ba ta labarin muna tsintar wake, ta yi hawaye, ta ce maƙerin nan ɗan halak ne. Duk wanda ya zo sayen abinci sai ta tsaya da ludayi a sama ta tambaye shi, "Jirgi ko teku?" In ya ce teku, miya ta ƙaru.

Abin da na lura da shi a lokacin, littafina ba ya kwana a shago. Kullum na leƙa, Baba ya ce yana hannu. Na tambaye shi hannun wa, ya ce shi ba ya tona asirin mutane, amma littafin yakan dawo da tabon baƙin mai a gefen shafi. Wannan ya sa na ɗan samu ƙarfin gwiwa.

Ranar zaɓe lungun ya cika har masu wucewa suna raɓawa ta gefen kwata. Goggo ta zo da gwangwanin hoda a ƙugu, don a nan duk wanda ya yi nasara farar hoda ake zazzage masa. Baba ya ce tunda ba kowa ke rubutu ba, ba za a yi ta takarda ba. Saurayin zai riƙe littafinsa ya tsaya nan, ni in riƙe nawa in tsaya can, kowa ya bi bayan wanda yake so, a ƙirga kawuna.

Nan aka yi kuskuren, kuma ba wanda ya hango shi. Babu magidanci a unguwarmu da zai yi layi a bayan budurwa jama'a na kallo. Babu kuma macen da za ta je ta tsaya bayan saurayi marar aure, gobe a ji labarinta a wurin suna. Sai ƙafafu suka yi abin da suka saba yi a masallaci da gidan biki: maza suka tattara gefe ɗaya, mata gefe ɗaya. Na ga wata malamar makaranta da na san ta haddace labarin jirgin nan tana tsaye a bayana tana cizon leɓe. Na ga makanikai a layin can suna kallon ƙasa. Kuma maza sun fi yawa, ko ba a ƙirga ba.

Na rungume littafina, idona ya fara zafi. Baba ya ɗaga yatsa zai soma ƙirga.

"Tsaya, Alhaji," in ji Goggo. Hausarta ta Zango ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. "Wannan zaɓen littafi ne ko sahun salla? Yarinyan nan ya gaji, hannunsa na ciwo. A samo wanda zai riƙe masa."

"Goggo, ban gaji ba."

"Ka gaji."

Ta fizge littafin, ta ratsa layin maza kamar tana ratsa kasuwar Malam Atta, ta tsaya gaban ladanin masallacinmu, tsoho mai farin gemu wanda ya zo kallo kawai, a cewarsa.

"Malam, riƙe wa 'yarka."

"Hajiya, ni ina ruwana da littafin yara?"

"Wanda ya tambaye ni shekaranjiya ko yarinyan ya koma teku, aljani ne?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ladan ya gyara hula, ya ce jikarsa ce ke karanta masa, shi kuma ba ya son ya katse yaro. Amma ya karɓa, ya riƙe shi da hannu biyu a ƙirji. Don a yi adalci, Baba ya ce shi ma saurayin ya miƙa nasa ga wata tsohuwa mai sayar da koko, wadda ta haifi rabin unguwar ko ta yi musu wanka. Bayan tsoho ko tsohuwa kowa na iya tsayawa.

Da farko ba wanda ya motsa. Sai malamar nan ta ce mini, "Yi haƙuri, ƙanwata," ta tafi layin jirgi, wasu mata suka bi ta. Can sai wani ƙaton makanike ya yi tari, ya ce rana ta fi dukan wancan gefen, ya taho bayan Ladan. Wani ya ce zai tambayi Malam wata fatawa. Wani kuwa ya dai taho yana kaɗa makullin mota. Saurayin ya bi su da kallo.

"Har da kai, maigida?" ya ce wa wanda ya koya masa sana'a.

"Injin jirginka ba zai tashi ba, na duba," in ji mutumin. "Maƙerin nan kuwa ya san aikinsa."

Baba ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, teku ta ci da ɗan rinjaye. Goggo ta buɗe hoda. Ni ta nufa, amma Ladan ne ke riƙe da littafi, don haka shi ya sha rabi. Da ya tafi kiran magariba, gemu da gira da hula duk launi ɗaya ne.

Saurayin ya cika alkawari. Lahadi bayan Lahadi yana karantawa, ni kuma ina lissafin saura shafi nawa a kai maƙera. Ranar da aka kai, na sa mayafina mai ruwan toka, na zauna kusa da Goggo, na ƙudurta ba zan ɗaga kai ba.

Ya karanta har ya zo shafin roƙon nan, ya tsaya. Ya kurɓi shayi. Ya juya shafin ya leƙa bayansa.

"Ba tsallake," in ji Ladan daga bencin gaba.

Sai ya fara, da sauri, kamar mai karanta takardar magani. Goggo ta ce ita ba ta ji ba, kunnenta ya tsufa, a sake. Ya sake. A karo na biyu muryar ta sauka, ta yi sanyi, ya karanta yadda maƙerin ke cewa zai kashe wutar maƙerarsa in zafinta ne ke korar ta, zai koyi zama cikin duhu in dai tana nan.

Na karya ƙudurina na ɗaga kai. Shi littafin yake kallo, zufa na bin goshinsa. Bai dubi kowa ba har ya kai ƙarshen shafin, sannan ya ce shayin nan ya cika zafi.

Goggo ta zungure ni da gwiwar hannu. "Rufe bakinka, ana ganin haƙoranka daga titi."

Na ja mayafi na rufe, na ci gaba da murmushina a ciki.