Kifi A Kan Teburin Mushe

Ina ajin ƙarshe na firamare, a wata lakol, wato makarantar boko, da ke tsakanin unguwannin Kalley da Zongo a Yamai, shekarar da damina ta ƙi. Sojoji ke riƙe da ƙasa a lokacin. Abin da mu yara muka sani game da su shi ne ba a maganarsu da ƙarfi, ko da a tsakar gida ne. Babana ma'aikacin gwamnati ne, mutumin Maraɗi, saboda haka ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Sai dai tuwonmu ya koma na jar dawar taimako, mai ɗaci-ɗaci, kuma ba a yin mako guda wani ɗan'uwa bai iso daga ƙauye ya shimfiɗa tabarma a zaurenmu ba.

Malaminmu, wanda muke kira mushe kamar yadda ake kiran kowane malami, saurayi ne ɗan Damagaram, dogo, kullum hannun rigarsa fari fat da alli. Darasin da ya fi ƙauna shi ne na jikin ɗan Adam da kiwon lafiya. Littafi guda ne a ajin, nasa, don haka komai zana mana yake yi a allo. Ranar da ya zana hanji sai da ya cinye allon tun daga wannan gefe har wancan. Doka ta ce faransanci kaɗai za a yi a aji, amma in ya ga idanunmu sun yi tsuru-tsuru, sai ya tura ƙofa ya maimaita da hausa, ya ƙara da guntun zabarmancin da ya iya, ajin ya kwashe da dariya.

Darasi ɗaya ne na ga yana yi yana sauri kamar mai son ya rabu da shi, wato na abinci. Ya raba allo uku: masu gina jiki, masu ba da ƙarfi, masu kare jiki daga cuta. Ya zana ƙwai, ya zana kifi, ya zana cinyar kaza, ajin ya yi tsit, har ana jin kukan cikin wani yaro a baya. Babu wanda ya yi dariya. Daga nan ya koma kan tamowa, ciwon rashin abinci, ya ce ba kowane mai yunwa ne ke ramewa ba, wani kumbura yake yi, gashinsa ya yi ja, in ka danna ƙafarsa da yatsa gurbin ya daɗe bai cike ba.

Ban waiwaya ba, domin na san ƙafar da ke kusa da tawa a ƙarƙashin benci. Abokiyar zamana yarinya ce daga wajen Tahoua da ta shigo ajinmu ana tsakiyar shekara. Shanunsu sun mutu ƙaf, uban ya kwaso su zuwa Yamai wurin ƙanensa mai tura amalanke a kasuwar Wadata. Fuskarta zagayayya ce, kumatun sun cika, ƙafafunta kuwa sai da aka tsaga takalminta na roba ta gefe kafin su shiga. Ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba. In na ba ta ƙosai lokacin hutu, sai ta ci ɗaya ta ƙulle sauran a bakin zane, ta ce na ƙanenta ne.

Ana cikin zafin bazara darakta, shugaban lakol ɗin, ya shigo ajinmu. Mutum ne mai tumbi da son turare. Ya ce wani babban hafsan soja zai zo da Turawan da ke ba da taimako, da masu ɗaukar hoton talabijin, su ga yadda ake koyar da kiwon lafiya, kuma ajinmu aka zaɓa. Ya sa muka miƙe tsaye, ya bi mu layi-layi yana matsa damatsanmu yana jan kumatunmu, sak yadda babana ke yi wa raguna in layya ta matso. Wanda ya ji nama a jikinsa ya ce ya koma gaba. Wanda ya ji ƙashi ya tura shi bakin ƙofa. Ni na shiga na gaba. Da ya zo kan abokiyar zamana ya lakaci kumatunta ya ce, “Yauwa, ga irin wadda muke nema. Benci na farko.”

Mushe ya matso kusa da shi ya yi ƙasa da murya, amma mu na kusa mun ji. Ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba ƙiba ba ce. Kumburi ne. Yarinyar ba ta da lafiya.”

Darakta ya ce, “A talabijin wa zai bambance? Kai dai ka shirya darasinka.”

Ya ƙara da cewa waɗanda ke bakin ƙofa, ranar za a zaunar da su a bayan ginin, inda baƙi ba za su bi ba. Mun san wurin. Jikin bangon masai ne.

Ni aka ba jimlolin da zan faɗa. Na yi kwanaki ina haddace su ina wanke-wanke: kowace safiya ina cin ƙwai, ina shan madara, shi ya sa nake da ƙarfi. Innata ta tambaye ni ma'anarsu, na fassara mata. Ta dube ni ta ce, “A wane gidan?” Ta ci gaba da tankaɗe.

Ranar da aka sa, tun da sassafe wata mota ta kawo kayan. Aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin mushe, aka jera ƙaton giwan ruwa ɗanye daga bakin kogi, da tsokar naman sa, da dafaffen ƙwai cikin faranti, da tumatir da karas da salak, da mangwaro, da burodi, da madarar gari da aka dama cikin babban kwano. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin abinci iri-iri haka a wuri ɗaya ba. Darakta ya ce duk wanda ya taɓa ko da ganye ɗaya, bulala ce da kora.

An ce baƙin za su zo da hantsi. Hantsi ya yi ya wuce. Lokacin tashi ya yi, aka hana mu tafiya gida. Rufin ajin kwano ne, zafi na sauka a kanmu kamar daga murhu. Da fari ƙamshin mangwaro ne ya cika ɗakin, yara na haɗiyar yawu ana ji. Sannu a hankali ƙarnin kifin ya danne komai. Idanunsa suka faɗa ciki suka yi fari, cikinsa ya fara tashi. Naman ya yi duhu, gefensa ya soma kore, wani ruwa-ruwa na tsatsowa yana ɓata ƙyallen. Ƙudaje kuwa, manya masu sheƙin kore, ta tagar da ke kallon masai suke shigowa, su sauka kan kifin, su tashi su faɗa madarar, su dawo kan leɓunanmu. Ba a daɗe ba da mushe ya zana mana ƙafar ƙuda da abin da take ɗauka. Ina ta tuna zanen.

Darakta ya sa wani yaro ya tsaya yana kaɗa kwali a kan teburin. Da warin ya ƙi ja da baya, ya ciro kwalbar turarensa ya fesa wa kifin. Har yau in na ji irin wannan turaren a jikin wani a cikin taksi, sai na nemi a sauke ni.

Ta tagar muna jin ƴan'uwanmu da aka ɓoye. Wata na kuka tana cewa ƙishirwa take ji, mai gadi na ce mata ta yi shiru. Na dubi abokiyar zamana. Idonta na kan farantin ƙwai. Na taɓa hannunta na ji shi da zafi.

Sai bayan azahar muka ji motoci. Sojoji biyu suka fara shigowa da bindigogi suka tsaya a bakin ƙofa, sannan hafsan, da baƙin tabarau da takalmi mai ƙyalli, sai Turawa mace da namiji fuskokinsu jajur, sai masu na'urar hoto da fitilarsu. Dukansu sai da suka ɗan ja baya da warin ya buge su. Hafsan ya ciro hankici ya toshe hanci. Muka miƙe muka gaishe su da murya ɗaya.

Mushe ya yi darasin, muryarsa a bushe. Ya nuna kifin da sanda ya ce wannan yana gina jiki. Aka kira ni, na tashi na faɗi jimlolina ba tuntuɓe, aka tafa. Mai ɗaukar hoton ya ce zai yi kyau a ga yaro yana ci. Hafsan ya duba bencin farko ya nuna abokiyar zamana da sandarsa. Ya ce da hausa, “Ke, ƴar lukuta, zo nan.”

Mushe ya ce, “Ranka ya daɗe, madarar ta daɗe a zafi.” Darakta ya harare shi, ya ɗebi madarar da kansa, ya tsame ƙuda biyu da yatsa ya yarfar, ya miƙa mata kofin. Madarar ta riga ta tsinke, gudaji-gudaji ne ke yawo a sama. Ta kafa kai ta shanye. Ba wanda ya ce ta ɗauki ƙwai, amma ta kai hannu ta ɗauka, ta tura guda a baki ko gama ɓare shi ba ta yi ba, ta bi shi da na biyu. Baturiyar ta yi murmushi. Mai hoto na cewa da kyau, da kyau.

Sai na ga ta tsaya cak. Ta dafe ciki, ta waiga tana neman ƙofa, sojoji sun tare ta. Nan take aman ya ɓalle mata, ya zubo a kan siminti ya fantsama kan takalmin hafsan. A cikin farin ruwan da gutsattsarin ƙwai akwai wani abu dogo, fari-fari, kaurinsa kamar fensir, kuma yana motsi. Ya lanƙwashe ya miƙe a kan hancin takalmin. Macijin ciki ne. Mun sha ganin zanensa a allo, amma ba wanda ya gaya mana yana iya fitowa ta baki.

Hafsan ya yi tsalle baya yana zagi. Yara suka hau kan benci suna ihu, wasu biyu suka kama nasu aman. Darakta ya durƙusa, da tumbinsa da komai, ya ciro hankicinsa yana goge takalmin yana cewa, “A yi haƙuri, ranka ya daɗe, ƴar ƙauye ce, ba ta san komai ba.” Wannan durƙuson ya fi aman ba ni ƙyama. Yarinyar na tsaye, amai na ɗiga daga haɓarta, babu wanda ya kula ta sai mushe, da ya kama hannunta ya ratsa tsakanin sojojin ya kai ta bakin famfo.

Baƙin ba su ƙara minti ba. Suna fita darakta ya sa aka naɗe naman da burodin da kayan lambun aka kai gidansa. Kifin ya fi ƙarfin kowa, aka jefa shi bayan katanga. Da muka fito na ga mata biyu daga cikin masu gudun yunwa suna ja-in-ja a kansa, ɗaya ta riƙe kai ɗaya ta riƙe wutsiya. A gida na kasa cin tuwo. Na yi ta wanke hannuna da sabulu har innata ta ƙwace shi.

Washegari muka tarar da kwalba a kan teburin mushe, da macijin a ciki cikin ruwan alkol mai hana ruɓewa. Ashe bayan mun watse ya koma ya ɗauke shi da tsinke biyu. Ya tura ƙofa, ya bi benci-benci da kwalbar, ya ce kowa ya duba da kyau, har da masu rufe ido. Da hausa ya yi darasin gaba ɗaya. Ya ce ƙwansa na cikin bayan gida, ƙuda da hannu marar wanki ke kai shi baki, kuma yana cinye ɗan abin da mutum ya samu ya ci. Ya ce, “Kada in ji wani ya yi mata dariya. Da za a duba cikinku, da yawanku kuna ɗauke da irinsa.” Da yamma shi ya kai ta gidan likita aka ba ta magani.

Bayan ƴan kwanaki aka nuna mu a talabijin. Muka taru a gidan wani maƙwabci mai akwatin. Ga kifin nan ya fito tsaf kamar yanzu aka kamo shi, ga ni ina cewa ina cin ƙwai kowace safiya, ga ta tana shan madara, sai aka yanke zuwa hafsan yana gaisawa da darakta. Mata suka yi guɗa suna shafa kaina. Babana ya tashi ya sa takalminsa ya fita.

Kafin jarrabawa aka ɗauke mushe aka tura shi wani ƙauye can gabas, inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. An ce shi ya kunyata lakol. Wanda ya maye gurbinsa karanta mana littafin kawai yake yi, mu maimaita.

Abokiyar zamana kuwa ta dawo aji bayan mako biyu, kumburin ya saɓe, sai ga ainihin jikinta ya fito, ƙashi da fata. Ba ta ƙara yarda ta ci wani abu a gaban mutane ba, ko ƙosaina sai ta juya baya. Da ruwan farko ya sauka aka zo da manyan motoci aka kwashe masu gudun yunwa a mayar da su garuruwansu su yi shuka. Ita da iyayenta na ciki. Ba ta zauna jarrabawar ba. Na je Wadata na nemi baffanta mai amalanke na tambaye shi, ya ce sun isa lafiya, iyakar abin da ya sani ke nan.