Aljihun Carbi

Saura mako guda Sallah, lokacin da tela ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau, amma ga wani tela tsaye da hantsi a shagon Abbas na Ƙofar Ƙaura. Abbas bai san shi ba. Tef ɗin awon da ke wuyansa ya koɗe har lambobin sun goge, ga allura soke a gefen hula. Ya haura hamsin, bayansa ya ranƙwafa irin na wanda ya tsufa a kan keken ɗinki.

Ba ya taya komai. Ɗinkakkun rigunan da 'yan kasuwa ke yo oda daga ƙasar Sin tun da soja suka koma bariki yake ɗauka ɗaya bayan ɗaya, yana juyo cikinsu, yana jan ɗinkin da ƙarfi ko zai ɓarke. Ya ƙi ɓarkewa. Halan a gida akwai iyali na jira, da keke lulluɓe da zane.

Sai yatsansa ya faɗa wani siririn aljihu a gefen hagu. Ya tsaya cak.

"Baba, lafiya?" in ji Abbas.

"Na carbi ne. Ni kaɗai ke sa shi nan, don ni bahago ne. Bara wani Alhaji ya sa na ɗinka mashi riga ɗaya tal, ya ce tafiya zai yi da ita."

Ya ɗaga kai yana kallon rigunan da ke rataye har rufi, kowace da aljihun nan nasa.

"Ɗana," ya ce a hankali, "ba ku neman mai rage tsawo?"