Wata Biyu Ina Farautar Shabaka a Bakin Kogi

Da yaƙi ya kore mu daga Wad Madani, na ajiye iyalina wurin 'yan uwa a Sinnar, ni kuma na kama ɗaki na wata biyu a wani ƙauyen Hausawa kusa da Abu Hujar, don an ce mini can shabaka, wato sabis ɗin waya da intanet, tana kamawa. Zanen gine-gine nake yi wa wani kamfani na ƙasar waje, in aika musu ta intanet.

Mai gidan tsohuwa ce, Inna nake kiranta. Ɗakin na ɗanta ne da ya tafi haƙar zinariya. Ɗaki ne mai tsabta da sanyi, amma ko gaisuwa ba ta fita daga cikinsa ta waya.

Kwana uku ina zagaya gari da waya a sama kafin na gano wani tudu a bakin kogi, gefen injin ban-ruwa na wani dattijo mai noman albasa. Kullum da safe sai in ɗauki kwamfuta da kujerar tsugunne in hau. Hasken rana ba ya barin in ga allo, don haka nake lulluɓa da tsohon zanen Inna, gumi na ɗiga a hannuna. In na aika zanen gini ya yi ta tafiya, saura ƙiris ya yanke, in sake daga farko. Wani sai na aika sau bakwai.

Ranar da zan yi wa shugabannin kamfanin bayani baki da baki, na roƙi dattijon ya jinkirta tayar da injinsa. Ya ce, "Tayyib, ba komai, Ustaz." Ya zauna a inuwa yana jira. Muka shafe awa guda, abin da kawai nake ji daga can shi ne, "Ba ma jin ka." Daga baya dattijon ya taso a hankali, ya ce, "Ka yi haƙuri, albasa ta fara kwanciya." Na ce ya tayar. Ai ba injin ne ya hana su ji na ba.

Saƙon kamfanin bai shigo ba sai bayan kwana biyu. Cikin ladabi suka ce sun ba wani aikin, har al'amura su daidaita a wurinmu.

Na gaya wa Inna tana cikin tuyar kisra, wainar dawar nan mai faɗi. Ba ta ɗago ba.

"Su waɗanga mutane, sun taɓa ganin ka?"

"A hoto, Inna."

"To, malesh, ɗana, sai haƙuri. Zamna ka ci."

Na zauna na ci. Ban ji haushi ba, gajiya ce kawai ta sauko mini har ƙafafu. Sauran kwanakin na yi su ina barci da hantsi kamar mara lafiya, da la'asar in taya dattijon jan ruwa zuwa fangali. Da wa'adin ya cika na share ɗakin, na bi motar kayan lambu zuwa Sinnar, ban ma buɗe jakar kwamfutar ba sai bayan mako uku.