Wanke-wanken Bayan Aji

Shekarun baya, lokacin da 'yan bindiga suka taso ƙauyukan wajen Tabanni, an sauke wasu daga cikin mutanen a wata firamare kusa da gidanmu a Birnin Gwari. Matan unguwarmu muka ɗauki nauyin abincin rana. Ni aka ba rabo, saboda rawar kaina.

A ajin ƙarshe akwai wata 'yar Fulani mai goyo, an kore musu shanu kakaf. Duk sanda na miƙa mata kwano sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ƙoshi." Kwana biyu ana haka. Jaririn kuwa ya yi kuka har murya ta dishe, ya kama nono ya saki, ba ruwa.

Raina ya ɓaci. Na samu mahaifiyata a bakin murhu na ce, "Inna, yarinyar nan raina girkinmu ta yi. Ana gudun hijira ana yanga?"

Ta ajiye muciya. "Su wa ke ajin tare da ita?"

"Wani tsoho mai kumburarriyar ƙafa, da matarsa."

"Surukanta ne, sakarya! Ko za ta mutu ba za ta kai loma a gabansu ba."

Wallahi kunya kamar in nutse.

Inna ta goge hannu, ta je ta durƙusa ta gaida tsohon. "Baffa, a ara mini 'yata ta taya ni wanke-wanke." Ya ce, "Tashi ki je," idonsa ya ciko. Ashe ya sani, ƙafar ce ta hana shi ba ta wuri.

A bayan aji ba wani wanke-wanke. Inna ta ajiye mata tuwon masara da kunun kanwa mai zafi, ta ja ni muka juya baya muna ta kankare tukunyar da tuni ta fita fes. Ba mu waiwaya ba. Shessheƙarta kawai muke ji, da kurɓar kunu.

Kullum haka muka riƙa aro ta. Rana ta uku na leƙa ajin na tarar da jaririn yana barci, da ɗigon ruwan nono a gefen baki. Na fito na sha kukana.

Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Har yau ina zuwa rabon agaji, kuma duk wadda ta ce mini ta ƙoshi ba na musu da ita. Sai in ce ta zo ta taya ni wanke-wanke.