Ƙarnin da Inna Ta Hana Ni Wankewa

Ina durƙushe cikin ɗan jirgin kamun kifina a ƙofar gareji, ina dirje kafet ɗinsa da burushi, sai na ji an buɗe ƙofar gida.

Inna ce, mahaifiyata. Tunda Baba ya rasu na ɗauko ta daga Yawuri zuwa garin Mitchellville a nan ƙasar waje, ba ta taɓa fitowa don kanta ba. Daga ɗaki sai ɗaki, abinci ma sai da lallashi.

Ta dafa gefen jirgin, ta ja numfashi.

"Me kake wankewa?"

"Ƙarnin kifi ne, Inna. Jiya na je kogin Potomac, ya kama kafet ɗin."

"Bar shi haka. Tunda na zo ƙasar nan hancina bai ji komai ba, ko'ina ƙamshin sabulu. Wannan ne na shaƙa ta taga, na ɗauka babanka ya dawo daga kogi."

Na kashe famfo. Ta cire takalmi kamar mai shiga ɗakin mutane, na kama hannunta ta hau. Ta zauna a kan jiƙaƙƙen kafet, tana ba ni labarin taru da giwan ruwa har la'asar. Da muka shiga gida, da bakinta ta nemi tuwo.

Rabin kafet ɗin yana nan ban wanke ba. Maƙwabta su yi haƙuri.

Ku fa, wane wari ne ke mayar da ku gida?